Fihirisa Ita Ce Ƙofa: Sharhi a kan Sabunta Bayanan Littattafan Hannu na Yamai

A Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, wadda aka fi sani da IRSH, akwai sashen da ake kira MARA, inda ake adana littattafan hannu na Larabci da na ajami, kimanin 4000. Harsashin wannan taska aikin marigayi Boubou Hama ne (1906 zuwa 1982), wanda a zamanin da yake shugabancin Majalisar Dokokin Nijar ya duƙufa wajen tattara rubuce-rubucen malamai daga sassan ƙasar da maƙwabtanta, kafin daga baya a mayar da su hannun cibiyar bincike. Malamin da ke koyarwa a Tasawa ko Madawa ba shi da halin zuwa Yamai duk lokacin da ya buƙaci wata waƙa ko wasiƙa ta magabata. Abin da zai iya kaiwa gare shi daga nesa shi ne bayanin da wani ya rubuta a kan littafin, wato sunansa da na mawallafinsa da fanninsa da yawan warƙoƙinsa. Wannan bayani shi ake kira fihirisa, kuma a kansa ne wannan sharhi zai tsaya, domin a duk lokacin da aka tayar da zancen ɗora taskokin tarihi a intanet, hankali yakan tafi ga na'urar ɗaukar hoto, a manta da layin rubutun da zai kai mai nema ga hoton.

Bayanan tarin Yamai ba a rana ɗaya aka rubuta su ba. An fara da rajistar cikin gida, mai bai wa kowane littafi lamba. A shekarar 1984 Ahmed Mohammed Kani ya buga maƙalar da ta sanar da masana na waje darajar wannan tari, sannan John Hunwick ya yi amfani da lambobin Yamai a juzu'i na 2 na babban aikinsa a kan adabin Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, juzu'in da ya ƙunshi marubutan ƙasar Hausa da Barno da kewayensu. Daga shekarar 2004 cibiyar al-Furqan ta birnin Landan ta fara buga cikakkiyar fihirisa ta tarin cikin Larabci, juzu'i 8, aikin Moulaye Hassane tare da bitar Ayman Fu'ad Sayyid na Masar. A ɗaya ɓangaren kuma, rumbun bayanan da Charles Stewart ya soma haɗawa a Jami'ar Illinois ta Amurka tun ƙarshen shekarun 1980, wanda a yau ake kira WAAMD, ya shigar da bayanan Yamai tare da na Tumbuktu da Muritaniya da Kano, cikin Larabci da Ingilishi, kuma kowa na iya lalubensa a intanet.

Babu mai adalci da zai raina waɗannan ayyuka. Da irin wannan rumbu ne Bruce Hall da Stewart suka iya ƙididdige littattafan da suka fi yawan kwafi a ɗakunan karatu daga Muritaniya zuwa ƙasar Hausa, har suka fitar a 2011 da jerin abin da almajiran yankin suka gada suna karantawa tsawon ƙarnuka, aikin da a da sai mutum ya ƙarar da rayuwarsa a kan hanya kafin ya yi rabinsa. Sai dai kowace fihirisa tana ɗauke da kamannin mai karatun da marubucinta ya hango, kuma mai karatun da waɗannan suka hango shi ne masanin jami'a wanda ya san Larabci da ƙa'idojin juya shi zuwa haruffan Turawa. A cikin ɗakin karatu wannan giɓi ba ya fitowa fili, saboda akwai ma'aikaci a zaune. Idan baƙo ya ambaci littafi da sunan da ya sani, ma'aikacin zai gane abin da ake nufi, ya tashi ya ɗauko. A intanet babu wannan mutum. Kwamfuta tana neman haruffan da aka buga mata ne kurum, kuma littafin da aka yi wa bayani da kalmomin da mai nema bai sani ba, a wurinsa daidai yake da wanda gara ta cinye.

Alal misali, a ɗauki sunayen littattafai. Duk wanda ya zauna a zauren malami a Maraɗi ko Damagaram ya san Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari da Ashafa da Ishiriniya. Waɗannan su ne sunayen da littattafan ke amsawa a ƙasar Hausa. Amma fihirisa ta masana za ta rubuta Ashafa da cikakken sunansa na Larabci ƙarƙashin Alƙali Iyal, ta sa Askari ƙarƙashin *Irshad al-salik* na Ibn Askar, ta kuma kai Ishiriniya ga al-Fazazi, mawaƙin Andalus, wani lokaci tare da Ibn Mahib wanda ya yi mata tahamisi. Duk wannan daidai ne a ilmance, kuma ba wanda zai ce a cire shi. Abin da ya rage shi ne gurbi ɗaya na sunan da aka san littafin da shi a gida, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Rashin wannan gurbi ya sa taskar ta fi buɗuwa ga ɗalibin Alƙahira ko na Landan a kan jikan wanda ya juya littafin da hannunsa.

Sunayen mutane sun fi haka rikitarwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, yana fitowa a takardun Faransanci da Ousmane dan Fodio, a na Ingilishi da Usman dan Fodio, a na masana Larabci da Uthman b. Fudi ko Ibn Fudi. Idan haka lamarin yake ga mutumin da sunansa ya cika duniya, to ina ga malamin Agadas ko na Sayi wanda bai bar komai ba sai ƙasida biyu? Maganin wannan sananne ne ga ma'aikatan ɗakunan karatu: akan ware wa kowane mawallafi rajista guda, a tara duk siffofin sunansa da laƙabinsa da nasabarsa a ƙarƙashinta, ta yadda ko ta wace ƙofa aka shigo za a iske shi. Rumbun Stewart ya yi ƙoƙari a nan, amma ƙofofinsa na Larabci ne da Ingilishi. Malamin makarantar Nijar da Faransanci aka horar da shi, da Hausa ko Zabarmanci yake rayuwa. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, zai yi wuya a sami hujjar barin babbar taskar rubutun ƙasar ba tare da hanyar bincike da Hausa ba.

Inda tsofaffin bayanai suka fi rauni, a Yamai da sauran taskokin Afirka ta Yamma, shi ne ajami. Tsarin fihirisa da aka aro daga Gabas an gina shi ne a kan littafin Larabci mai suna, mai mawallafi ɗaya, mai tarihin kammalawa a ƙarshe. Waƙar Hausa ta ƙarni na 19 sau da yawa ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun a yadda tsarin ke so. Ba ta da suna a rubuce. Ana kiranta da amshinta ko da kalmomin farkonta. Wanda bai ji harshen ba sai ya rubuta cewa ƙasida ce cikin wani harshen Afirka, ya wuce, alhali Hausa da Fulatanci da Barbarci sun yi nisa da juna kamar Larabci da Farisanci. Batun mawallafi kuwa, waƙar *Tabbat Haƙiƙa* ta isa misali: Shehu ne ya tsara ta da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Gurbi ɗaya tak na mawallafi dole ya zaɓi ɗaya ya binne biyu, kuma ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane wanda za a zaɓa. Ta irin wannan ƙaramar ƙofa ce aikin mata ke sulalewa daga tarihin adabi ba tare da wani ya yi niyyar ɓoye shi ba.

Akwai kuma ajamin da ke zaune a gefen shafi. Littafin fiƙihu na Larabci da aka karantar da shi shekara da shekaru yakan cika da ƙananan fassarori a tsakanin layuka da hashiya, inda malami ko almajiri ya rubuta ma'anar kalma da harshensa. Binciken Dmitry Bondarev a kan tsofaffin Alƙur'anan Barno ya nuna cewa irin waɗannan rubuce-rubucen gefe sun adana wani tsohon nau'in harshen Kanembu da ba a samun sa a ko'ina sai a bakin malaman tafsiri. Fihirisar da ta ce harshen littafi Larabci ne ta yi shiru ba ta yi ƙarya ba, amma ta rufe wa masanin tarihin harshe abin da ya fi nema. Kwafin Risala na ɗari da ɗaya ba zai ƙara wa kowa sanin Risala ba. Abin da ya bambanta shi da sauran ɗarin shi ne abin da aka rubuta a gefensa.

Lissafin shekara ma yana da tarkonsa, kuma ya cancanci a ɗan daɗe a kansa. Mawaƙan ƙasar Hausa sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka haɗa ƙimar haruffanta za ta ba da shekarar hijira. To amma ƙimar haruffa a tsarin Magariba, wanda malaman wannan yanki suka bi, ta saɓa da ta Gabas a haruffa da dama. A nan *shin* 1000 ne, a Gabas 300. Saboda haka *shin* da *ra* da *lam* da *ba* suna ba da 1232 a lissafin gida, shekarar da Shehu ya rasu, wadda ta yi daidai da 1817. A lissafin Gabas kuwa 532 za su bayar, wato a jefa rubutun baya da shekara 700 cif. Duk malamin zaure ya san wannan tun yana ƙarami. Wanda aka ɗauka aikin shigar da bayanai a kwamfuta, ana biyansa gwargwadon yawan layukan da ya buga a rana, ba lallai ne ya sani ba, kuma kuskuren da ya shiga intanet yakan hayayyafa, wannan rumbu ya kwafa daga wancan har ya zama kamar gaskiya. Abin da ya dace shi ne a rubuta ramzin kamar yadda yake, a rubuta lissafinsa kusa da shi, a kuma bambanta shekarar tsara waƙa da shekarar juya kwafin da ke hannu.

Ita kanta kwamfutar ba ta gama sabawa da ajami ba. *Fa* mai ɗigo a ƙasa da *ƙaf* mai ɗigo ɗaya a sama, irin na rubutun allo, ana iya buga kowannensu ta hanya fiye da ɗaya, kuma injin bincike yakan ɗauke su haruffa dabam-dabam. Ga shi kuma marubutan da ba su bi ƙa'ida guda ba wajen rubuta *ts* ko *ɓ* ko wasalin *e*. Don haka baitin farko na kowace waƙa yana buƙatar a kawo shi sau biyu, da ajami kamar yadda yake a takarda, da boko kuma domin mai nema. Taskar ajami ta Jami'ar Boston, ƙarƙashin jagorancin Fallou Ngom, ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne, tun da ta fitar da zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Hausa tare da juyinsu zuwa boko da fassararsu. Ko a bokon ma akwai ƴar matsala, domin Nijar na rubuta *ƴ* inda Nijeriya ke rubuta *'y*, kuma rumbun da bai haɗa biyun ba zai raba masu karatu ɗaya gida biyu.

Sai batun asali. Masu tattara littattafai a shekarun 1960 da 1970, a Yamai da Ibadan da Zariya da Tumbuktu, sun samo su ta hanyoyi iri-iri: saye, kyauta, aro a juya da hannu, ko a ɗauki hoto a mayar wa mai shi. A kan allon kwamfuta duk waɗannan sukan yi kama da juna. Amma takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, irin wadda fatake ke kawowa ta hamada a ƙarni na 19, shaida ce ta daban da takardar ofis ta zamanin mulkin kai, kuma mai bincike yana da haƙƙin sanin wadda yake kallo. Haka nan garin da littafi ya fito, da gidan da ya fito, da salon hannun, ko na Barno ne ko na Kano ko na Buzaye, duk sukan narke a cikin kalma ɗaya, a ce rubutun Magariba ne ko na Sudan. Abin lura shi ne ƙa'idar ISAD(G), wadda majalisar taskokin tarihi ta duniya ta fitar a 1994, ta riga ta tanadi gurbin tarihin ajiyar takarda, da hanyar da aka same ta, da harshenta da haruffanta, da sunan wanda ya rubuta bayanin da ranar da ya rubuta. Guraben suna nan. Cika su ne ke buƙatar mutum ya koma ga rajistar farko, ya kuma koma ga iyalan da suka bayar, tun da sauran masu tunawa.

Komawa ga iyalan yana da wani dalili na biyu. Ba duk abin da ke cikin gafakar malami aka rubuta don idon duniya ba. Akwai laƙani da hatimi da magunguna da ake gada a asirce, akwai wasiƙu da takardun gado masu ambaton wane bawan wane ne, a ƙasar da sai a 2003 dokarta ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma jikokin waɗanda aka ambata suna raye. Ana iya sanar da samuwar takarda a fihirisa ba tare da an baje hotonta ba, kuma wannan shawara ce da ya kamata masu littafin su sa baki a cikinta.

A takardun mulkin mallaka matsalar ta juya fuska. A nan bayanin yana da yawa, amma da bakin mai mulki aka yi shi. Takardun da suka shafi Nijar sun rarrabu tsakanin taskar ƙasa a Yamai, da Dakar inda fadar gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa take, da Aix-en-Provence a Faransa. Ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone garuruwa ya kuma yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni a 1899, sunansa a hukumance *Mission Afrique centrale*, suna mai sanyi kamar na masu auna ƙasa. Ɗalibin da ya karanta littafin *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani, ko ya kalli fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, da sunan Sarauniya da Lugu zai shiga nema. Yaƙin da Kawsan ya jagoranta a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa 1917 tawaye ne a bakin kwamandan da ya rubuta rahoto, mabiya addinin gargajiya kuma masu bautar gumaka ne. Ga sunayen garuruwa: Tessaoua da Tasawa, Tahoua da Tawa, Dogondoutchi da Dogondutsi, Zinder da Damagaram.

A shekarun nan taskoki da yawa a Turai da Amurka sun shiga gyaran irin waɗannan kalmomi, kuma wasu na ganin a share su kawai a sa masu daɗin ji. Wannan kuskure ne, ko da niyyar kirki aka yi shi. Kalmar da kwamandan ya zaɓa ita kanta shaida ce a kan yadda ya kalli mutanen da yake mulka, kuma malamin tarihi yana buƙatar ya nuna wa ɗalibansa ita. In aka goge ta, an wanke mai laifi ne, an bar wanda aka zalunta ba hujja. Hanyar da ta fi ita ce a bar tsohon take yadda yake, a nuna cewa na wane ne kuma na wace shekara, sannan a ƙara sabon bayani a ƙarƙashinsa da sunayen mutane da garuruwa kamar yadda masu su ke faɗa. Wannan ƙa'ida ta hau kan littattafan MARA ma. Rajistar zamanin Boubou Hama, da duk kurakuranta, ta zama takardar tarihi, kuma lambobinta su ne Hunwick da waɗanda suka biyo bayansa suka ambata a ayyukansu. Duk sabon tsarin da ya sauya lamba bai ajiye tsohuwar kusa da ita ba, ya yanke igiyar da ke haɗa shekaru 40 na bincike da littattafan da aka yi binciken a kansu.

Tun bayan da aka ƙone dubban littattafai a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu a watan Janairu na 2013, masu ba da tallafi suka ƙara karkata ga ɗaukar hoto cikin gaggawa, kuma suna da hujja. Sai dai hoto yana da saurin ƙirguwa a rahoton ƙarshen shekara, bayani kuwa aiki ne mai nawa, wanda warƙa guda kan iya cinye wa mutum yini. Waɗanda suka iya shi ba su cika jami'a ba. Suna zaurukan Zongo da Birni a Damagaram, suna Sayi inda aka buɗe madarasar farko ta Faransanci da Larabci a 1957, suna cikin tsofaffin malaman makarantun gwaji da suka fara koyar da Hausa tun 1973. Ƙungiyar al'adu da ta iya shirya gasar waƙa za ta iya zaunar da irin waɗannan mutane uku ko huɗu a gaban hotunan waƙoƙin da ba a tantance ba, a biya su ladan aikinsu, a kuma rubuta sunan kowa a jikin gyaran da ya yi tare da kwanan wata, domin wanda zai zo daga baya ya san wa zai yarda da shi, wa kuma zai yi wa gyara.

Ya rage a tuna da na'urar da ke hannun mai karatun. Yawancin malaman makaranta da wayar hannu suke shiga intanet, da kuɗin aljihunsu, a garuruwan da layi ke zuwa yana ɗaukewa. Shafi mai nauyin hotuna wanda sai babbar kwamfuta ke iya buɗewa ba zai kai gare su ba. Bayanin littafi 4000, in rubutu ne zalla, bai kai nauyin ɗan gajeren bidiyo guda ba. Ana iya sauke shi sau ɗaya a waya, a tura wa abokin aiki, a kuma buga shi a takarda a ajiye kwafi a ɗakin karatun kowace makarantar horar da malamai.